Ranar Da Kawu Ya Karanta Min Kalmar Sirri

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara jama'a a zauren gidanmu a Ikara don su ga yadda kwamfuta ɗaya za ta koma huɗu. Har yau in na tuna sai na ji fuskata ta ɗau zafi.

Lokacin na dawo hutu daga makaranta, kaina cike da karatun kwamfuta. Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata da ke noma a Janfalan, ya ba ni wata tsohuwar kwamfuta da ɗansa ya bari. Sai na ƙudura zan mayar da ita wurin gwaji. Akwai manhajojin kyauta da ke ba ka damar ƙirƙirar kwamfutocin ƙarya a cikin ta gaske, ka yi ta ɓarna a kansu kana koyo, ba abin da zai lalace.

Iri biyu na gani. Ta farko kamar kowace manhaja take, ka sauke, ka danna, ta buɗe. Ta biyun kuwa share komai take yi ta mamaye kwamfutar gaba ɗaya, kuma an ce ita ƙwararru ke amfani da ita. Nasiru, ɗan ajinmu daga Makarfi wanda muke karatu tare, ya ce min a waya, "Ki ɗauki mai sauƙin mana. Kwamfutar nan ta tsufa."

Na ce, "Mai sauƙi ta masu koyo ce."

(Ni ɗin fa mai koyo ce. Amma a ranar ji nake kamar ni na ƙera intanet.)

Na sauke ta ƙwararrun, ta cinye min data tas. Wajen ɗora ta ta nemi in sa kalmar sirri, na sa abin da ya fara zuwa min a rai. Tana gamawa aka ɗauke wuta, ban samu na gwada ba. Duk da haka na buga wa Kawu waya na ce ya zo ran Asabar ya ga abin mamaki.

Ashe Kawu ya fahimci maganar ta wata fuska. Ya zo a kan babur da damin rake, bayansa abokansa biyu dattawa, kowanne da niyyar komawa gida da kwamfuta ɗaya. Nasiru ma ya zo da ƙanwarsa. Babanmu ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka aro janareta a maƙwabta. Gaisuwa kaɗai ta ci lokaci, an tambayi gona, an tambayi ruwa, an tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina tsaye gefen tebur ina gyara mayafi kamar mai shirin karɓar lambar yabo.

Kawu ya ce, "To 'yata, bismilla. Ta haihu mu gani."

Na kunna. Ta yi ƙugi, rubutu ya yi ta gudu, sannan ta tsaya. Allon baƙi ƙirin, sai 'yan layukan fararen haruffa a sama. Babu hoto, babu abin dannawa.

Ɗaya daga cikin dattawan ya leƙo. "Ko ta mutu ne?"

Na ce, "A'a Baba, tana tunani ne."

Nasiru ya matso ya karanta, ya yi ƙasa da murya: "Cewa take sai da wata kwamfutar ake sarrafa ta. Kina da ta biyu?"

Ba ni da ita. Wannan bayanin yana nan a shafin da na sauko da manhajar, ni ce na tsallake shi don sauri. Na ce bari dai in shiga ko ta wannan baƙin allon ne, in buga wani abu, ko don a ga yatsuna na motsi. Sai dai a rikicen da nake, ban lura sunan mai shiga take tambaya ba, wanda kowa ke iya gani. Na zata kalmar sirri take nema, wadda ake ɓoyewa. Na buga ta da ƙarfin gwiwa.

Kawu ya yi ajin yaƙi da jahilci, kuma yana alfahari da karatunsa. Ya gyara hula, ya kai hanci kusa da allon, ya ɗaga murya yana bi gaɓa gaɓa:

"Na... si... ru... na... wa. Nasiru nawa!"

Ƙanwar Nasiru ta cusa fuska cikin hijabi, kafaɗunta na rawa. Nasiru ya zuba wa rufin kwano ido kamar yau ya fara ganin kwano. Babanmu ya yi gyaran murya.

Kawu ya juya a hankali. "Yaro, ba kai ne Nasiru ba?"

"Ni ne, Kawu."

"To ka ji, har na'ura ta sani."

Ban san lokacin da na isa ɗakin Inna ba, takalmina ɗaya ma a zaure na baro shi. Ina kwance na lulluɓe kai ina jiyo dariyar dattawan nan har da tari. Inna ta tambaye ni me ya faru, na ce wuta ce ta ja ni.

Daga baya na goge ta ƙwararrun na ɗora mai sauƙin. Kwamfutocin ƙarya biyu ta iya ɗauka, ta ukun sai ta fara nishi, amma a kansu na koyi duk abin da na iya a yau. Nasiru bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai da damina ta wuce manyansa suka zo gaishe da Babanmu. Kawu kuwa har gobe cewa yake shi ya haɗa auren da karatunsa.

Abin da na koya shi ne ka zaɓi manhaja daidai ƙarfin kwamfutarka, ka karanta bayani har ƙarshe. Kuma in dai kana da kawu mai son karatu da ƙarfi, kalmar sirrinka ta zama lambobi zalla.