Yadda Ake Zille wa Sharar Dusar Ƙanƙara a Gidan Haya

In makon sharar ƙofar gida ya zagayo kanka, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka taɓa shebur ba. Maƙwabcina Herr Raible na bene na biyu ya gwada su bara a nan Ulm, ƙasar Jamus, har sanyi ya wuce tafin hannunsa bai yi kanta ba.

1. Zama malamin yanayi

Dusar ƙanƙara ta sauka da safe? Kada ka fito da shebur, fito da waya. Haka Raible ya tari Frau Stoll, tsohuwar da ke ɗakin ƙasa, mai shekara saba'in da huɗu.

"Herr Raible, sunanka ne a allon masu shara. Bakwai ta gota."

"Haba Frau Stoll, dubi nan. Masu hasashen yanayi sun ce jibi za a yi ruwa. Wa ke share abin da sama za ta wanke?"

Mai hankali ba ya rigan sama aiki.

2. Nemo ciwon baya

Dafe ƙugu duk sanda ka ji motsin ƙofa. Sai dai ka riƙa tuna ɓangaren.

"Jiya ai hagu ka dafe," in ji tsohuwar.

"Yawo yake yi."

"To, ya fi ka kuzari."

3. Bar tsohuwa ta motsa jini

In ta ɗauki shebur, ɗauki kofinka ka tsaya a taga. Likitoci sun ce aiki na ƙara wa tsofaffi kwana, ka ga taimakonta kake yi. Kwana biyu Frau Stoll ta share, a na uku ta jingine masa shebur a ƙofa. Ya tsallake.

4. Yi murna da ruwa

Laraba gari ya yi ɗumi, ruwa ya sauko, dusa ta zama kunu. Raible ya leƙo yana washe baki: "Ban faɗa miki ba?"

"Zuba yashi dai saboda santsi. Sun ce sanyi zai dawo."

Wannan layin hasashen, kada ka karanta shi.

5. Fita sayen burodi

Alhamis da safe kunu ya daskare, ƙofar gida ta koma madubi. Taku uku Raible ya yi, ƙafafu suka gaida sama, ƙugu ya ce ƙas. Frau Stoll ta fito a nutse, ta barbaɗa yashi kewaye da shi, ta kira motar asibiti, ta rufa masa bargo.

"Kwanta abinka, Herr Raible. Sun ce Asabar za ta narke."

Likita ya hana shi ɗaga ko buta har mako takwas. Ka ga buƙata ta biya.

Gargaɗi: ƙugunka naka ne, marubuci ba ya ɗori, ba ya zuwa dubiya. In kuwa za ka zo da ƙorafi, taka a hankali. Makon nan sunana ne a allo.