Gida Mai Ruwan Hoda a Bakin Mashigi

Duk wanda ke shakkar cewa Allah ya yi wa Mombasa gata, a kai shi unguwar Mikadini da hantsi ya ga fitowar Kyaftin Mwinyikombo Shee. Farar riga, farin wando, fararen takalma, hula mai zaren zinariya, ga tumbi a gaba kamar shi ne ya san hanya. Rubani ne, wato jagoran da ke tarbo manyan jirage a bakin teku ya shigo da su tasha ta cikin mashigi. Akwai irinsa da dama a tashar, suna yin aikinsu su koma gida su ci shinkafa da kwakwa, ba wanda ya san sunansu. Namu ba haka yake ba. Mun raɗa masa Idon Mashigi, wasu kuma su ce Angon Teku. Ya karɓi sunayen duka biyu, ya ce ai mun ma rage.

Mashigin nan ba wurin wasa ba ne. Siriri ne, ga lanƙwasa, dutsen murjani ta nan, taɓo ta can, ga jirgin fito na Likoni yana tsallaka shi maƙil da jama'a. In babban jirgi zai wuce, dole fito ya tsaya. Mu 'yan Mikadini kuwa ba ma ƙorafi. Muna tsaye a rana, gumi na zuba, mun makara wajen aiki, sai mu zunguri baƙon da ke kusa mu ce, “Ka ga jirgin can? Maƙwabcinmu ne a ciki.” Ko ranar yana gida yana barci, haka muke faɗa.

Da la'asar yakan zauna a dakalin mai gahawa, mu kewaye shi baki sake.

“Na'ura?” zai ce, yana hura kofi. “Yaran yanzu in aka ɗauke musu wuta ko hanyar gidan surukansu ba za su gane ba. Sai kallon allo kamar masu duba. Ni kakana da jirgin katako ya je Maskat ya dawo, abin da ya riƙe tauraro ne da hanci. Ni ido na gada. In kalli ruwa, ruwa ya kalle ni, mu fahimci juna.”

Sai mu ce ma sha Allah, mu yi ta rige-rigen saya masa mahamri, soyayyen burodin nan mai kwakwa.

Gaskiyar maganar kuwa ba ta kai haka tsarki ba. A babbar lanƙwasar mashigin akwai alamomin hukuma, dogayen sanduna biyu a tudu, waɗanda kowane rubani ke saitawa kafin ya juya jirgi. Kyaftin ya daɗe da raina su, don kowa yana ganinsu. Shi nasa daban ne. Gidansa na bene yana bakin ruwa, can bayansa a kan tudu ga hasumiyar masallacin Juma'a. Tun yana sabon shiga aiki ya lura cewa daidai lokacin da hasumiyar ta hau kan rufin gidansa, lokacin ne na juyawa dama. Sai ya shafe gidan da fenti ruwan hoda, irin mai ihun nan da ake hangowa tun daga tsakiyar teku, yana sabunta shi duk bayan damina. Wannan shi ne idon da ya gada daga kakansa.

Bai taɓa gaya wa kowa ba. Matarsa Bi Mwanajuma ta ɗauka don ita yake yi, saboda ta taɓa cewa tana son launin tun suna amarci, kuma ba gidan bikin da ba ta ba da wannan labari ba. Mu kuma da muka tambaye shi, cewa ya yi launin manyan mutane ne a ƙasashen da ya zaga.

To mu a Mikadini muna da wani ciwo, na kwaikwayon duk wanda muka ɗauka babba. Da Kyaftin ya fara rataya tabarau a wuya, har mai sayar da gawayi sai da ya rataya. Da ya ɗora bene, duk layin bakin ruwa ya kama ɗora bene, ko da ba kuɗin saka taga. Fentin kaɗai muka bar masa, shi ma don kwarjini.

Ana haka sai kujerar shugaban rubanai ta zama babu kowa. Wannan kujera ita ce abin da Kyaftin ya yi shekaru yana mafarki, har ya sa tela ya ɗinka masa rigar muƙamin da ƙarin igiyar zinariya a kafaɗa ya ajiye a ƙasan akwati. Aka tura shi wani kwas ƙasar waje tare da sauran masu nema. A dakali ya bayyana mana cewa ba koyo zai je yi ba, Turawan ne suka roƙa ya je ya gyara musu wasu kurakurai. Yana can labari ya iske shi cewa wani ƙaton jirgin kwantena, wanda ba a taɓa ganin irinsa a tashar ba, yana tafe. Ya dinga buga waya ofis har sai da suka gaji suka yarda shi zai shigo da shi, manya suna kallo. In jirgin ya shiga lafiya, kujera tasa ce.

A nan ne Mzee Kibwana, dattijon unguwa, wanda bai taɓa kawo shawarar da ba ta jawo gumi ba, ya tara mu.

“Jama'a, mutumin nan ya fitar da mu kunya a idon duniya. Me muka taɓa yi masa? Mahamri! Ni a ganina, ranar da zai shigo da jirgin nan, ya ɗaga ido ya ga unguwarsa kaf ta sa rigarsa.”

Wallahi har da masu share hawaye. Cikin 'yan kwanaki fenti ruwan hoda ya ƙare a kasuwa. Muka shafe gidaje, muka shafe shagon kifi, muka shafe katangar makaranta, har da kejin kajin wata tsohuwa. Mzee Kibwana, da yake bai daɗe da gama sabon masaukin baƙinsa a can ƙarshen layi ba, ya yi masa shafi biyu. Muka yi rantsuwa ba wanda zai tsegunta wa Kyaftin.

Da safiyar ranar ya sauka a filin jirgin sama, motar ofis ta wuce da shi tasha kai tsaye. Bi Mwanajuma ta kira shi a waya cike da murna.

“Baban Zuhura, in ka iso lanƙwasa ka dubo gida, ka ji? Akwai abin da muka tanadar maka.”

“Mwanajuma, ni da gida ai kullum muna kallon juna. Ajiye wayar, teku na jirana.”

Da ya tsaya a waje cikin ƙaramin jirgin da ke kai rubanai bakin teku, da ya ga abin da muka aikata tun a hanyar fita. Amma feshin ruwan gishiri yana ɓata farar riga, don haka ya shige ciki ya ba gaɓa baya, ya kama yi wa matuƙin lacca kan kurakuran Turawa.

Ya hau tsanin igiya da ƙyar, yana hutawa a hanya wai yana duba lafiyar jikin jirgin. A ɗakin tuƙi kyaftin ɗin jirgin, wani ɗan Filifin mai ladabi da ake kira Salonga, ya tarbe shi da shayi, ya nuna masa allon na'urar da ke zana hanya.

“Ɗan'uwa, rufe min wannan talabijin,” in ji Kyaftin. “Ba kallon wasa na zo ba. Yau za ka ga yadda ake shiga Mombasa da ido. Ka lura da kyau, don ka ba jikokinka labari.”

Salonga bai rufe ba, amma ya ja baya, don baƙo ba ya gardama da ɗan gari a kan ruwan garinsa.

Jirgi ya kama mashigi a hankali, ƙananan jiragen ja suna biye, fito ya tsaya cak. Kyaftin yana ba da umarni da murya irin ta mai huɗuba. Da suka doshi lanƙwasa ya gyara hula, ya ɗaga ido don ya gaisa da gidansa.

Ya nema ya rasa. Daga wannan ƙarshen gaɓa zuwa wancan, komai ruwan hoda ne. Bene kusa da bene, duk tsayi ɗaya, duk launi ɗaya. Hasumiya tana nan a inda take, amma tana tafe tana hawa kan rufin wannan, ta sauka, ta hau na gaba, kowanne kuma yana ce masa ni ne. A ƙasa ga mu nan mun yi dafifi, mata da ankon atamfa ruwan hoda, ana kiɗa ana guɗa. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Tsoro ne na gaske ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya fara aiki.

“Rubani,” in ji Salonga a hankali, “na'ura ta ce lokacin juyawa ya yi.”

Mafita tana nan kusa da gwiwar hannunsa. Juyar da kai kawai zai yi ya kalli allon, ko ya nemi sandunan hukuma a tudu kamar kowa. Amma matuƙan jirgin duk sun ji abin da ya ce game da talabijin, kuma duk shi suke kallo. Sai ya yi abin da hankalinsa ya ba shi. Ya bi layin da ido ya zaɓi gidan da ya fi kowanne girma da ƙyalli, don a lissafinsa ba yadda za a yi irin wannan gida ya zama na wani ba shi ba. Masaukin baƙin Mzee Kibwana ne, can ƙarshen layi.

“Na'ura ta yi gaggawa,” ya ce. “A miƙe.”

Aka miƙe. Salonga ya sake magana, wannan karon ba a hankali ba. Kafin hasumiya ta hau rufin masaukin, Kyaftin ya buɗe baki ya ce a juya dama, jirgin ya riga ya yanke tasa shawarar. Ba ƙara, ba karo. Ya dai nutsa hancinsa cikin taɓo ya zauna daram, kamar saniyar da ta sami inuwa, gindinsa ya tare mashigi.

Mu kuwa a gaɓa sai muka ɗauka tsayawa ya yi don ya amsa gaisuwarmu. Kiɗa ya ƙara ƙarfi. Mzee Kibwana ya hau kan benci yana ihu, “Kun gani? A ƙofar masaukina ya tsaya! Ɗan halak!” Bi Mwanajuma tana kuka tana ɗaga gyale. Sai da ruwa ya janye, jan cikin jirgin ya fito fili, jiragen ja suka yi ta gurnani a banza, sannan makaɗa suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

Fito bai tsallaka ba sai washegari, da teku ta cika aka ja jirgin. Masu kifi sun yi asara, wata amarya ta kwana a tsallake da danginta, jiragen da ke jira a waje suka yi layi. A gaban kwamitin bincike Kyaftin ya bayyana cewa taɓon ne ya matso yayin da yake ƙasar waje, kuma ba wanda ya sanar da shi. Salonga ya ba da nasa bayanin cikin ladabi. Aka ba wani kujerar, wani shiru-shiru mai kallon allo, Kyaftin kuma aka gode masa aka ce ya je ya huta. Sirrin gidan ya fito ne daga bakinsa, ranar da ya tsaya a tsakiyar layi yana zaginmu gida-gida. Kunya ta kama mu sosai, har muka yi kwanaki ba ma iya haɗa ido da bangonmu.

Hukuma ta kafa wata jar ganga mai iyo a kan taɓon don gargaɗi. A takarda lamba gare ta, amma rubanai ba sa kiranta da lamba. Mai gahawa yana da 'yar rediyo da ke kamo maganar jirage, kuma kullum da la'asar sai mun ji wani rubani yana gaya wa baƙon kyaftin, “Ga Mwinyikombo can a gabanka, ka ba shi wuri sosai.”

Ranar farko da muka ji, kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Kyaftin ya ajiye nasa, ya gyara zama, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

“Kun ji da kunnenku ko? Shugaban rubanai wa ya san sunansa? Ni kuwa yau ba jirgin da ya isa ya shiga Mombasa bai ambace ni ba.”

Muka ce ma sha Allah, don gaskiya ya faɗa. Kowane jirgi sai ya ambace shi, sannan ya kauce masa.