Kek Ɗin Da Ya Nemi Tuwo

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a cocinmu na Gonin Gora ba. Lokacin na gama koyon gasa kek da biredi a Barnawa, kaina ya kumbura, na zama malamar lafiya ba wanda ya naɗa ni. Duk wadda na gani da cincin sai na yi mata wa'azin suga da farar fulawa. Nawa kek ɗin kuwa da garin zogale nake yi, da karas da dabino, kuma gaskiya yana da daɗi (wannan ba yabon kai ba ne, har maigidana da ba ya yabon komai yana neman ƙari).

Sai ga Mama Pasto, matar fastonmu, za ta aurar da 'yarta. Tana da ciwon suga, tana neman mai yin kek ɗin biki da ita ma za ta iya ci. Na ƙwallafa rai a kan aikin nan. Ta ce in kawo na gwaji ranar da matan zumuntar coci za su sha ruwa bayan azumi.

Ranar Larabar da safe na buɗe gwangwanin zogale, wayam. Kusa da shi ga garin kuka, kore shar. Na ce ai ganye ganye ne, kuka ma ta fi gina jiki. Na zuba a kwaɓin, na ƙara a kirim ɗin saman don launi ya fito. Ban ɗanɗana ba, tunda ni ma azumin nake yi.

Da yamma aka yi addu'a, na miƙe na yi jawabi mai tsawo a kan amfanin ganye (mata na hamma saboda yunwa, ni ina zuba). Sannan Mama ta gutsura. Ta tauna, ta ci gaba da taunawa. Da ta janye hannunta, sai ga yauƙi ya biyo kek ɗin daga leɓenta, zare guda kore, ya ƙi tsinkewa. Ta naɗe shi a yatsa kamar yadda ake yi wa miya.

Ni dai so nake ƙasa ta tsage in shige.

Mama ta haɗiye da ƙyar, ta dube ni da tausayi ta ce, “'Yata, kin yi ƙoƙari. To ina tuwon?”

Dariyar da aka yi, har mai gadi sai da ya leƙo.

Kek ɗin biki dai wata mata daga Makera aka ba. Ni ma ba a bar ni hannu rabbana ba: aka ɗaura mini zane aka sa ni a kan tukunyar miya, wai an ga inda baiwata take.

Har yau ina gasa kek da ganye, kuma ana saya. Amma ko azumin kwana arba'in nake yi, sai na nemo maƙwabciya ta ɗanɗana kafin in buɗe baki in yi wa'azi.