Shayin Mai Babur

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na haɗa wa babur shayi, har da biskit.

Lokacin ina koyar da kimiyya, garinmu kuma bai jima da sauya suna ba, muna ta tuntuɓe tsakanin Abuja da Suleja. A ɗakin malamai an san ni da abu ɗaya: da an ambaci aljani sai in gyara tabarau in kawo bayani. Malam Isa, malamin Arabiyya, shi ya laƙaba mini Malam Kimiyya, kuma ba don yabo ba.

Shi ne ma ya kawo zancen babur ɗin. Wai tun kafin samun 'yancin kai akwai wani Baturen hanya da ke tsere da shi a duwatsun wajen Chaza, babu kaya, babu fasinja, gudu kawai don gudu. Rannan da rana tsaka ya faɗa kwazazzabo. Shi aka binne, babur ɗin aka jingine a bayan wani tsohon sito, shekara da shekaru ba wanda ya ko taɓa shi, don an ce yana nishi.

"Ƙarfe ba ya nishi," na ce. "Zan gyara shi, in tayar da shi a gabanku."

"Allah Ya kai mu," in ji Malam Isa. Mista Okon, malamin lissafi, ya ce shi ne shaida.

A amalanke aka kawo mini shi gida unguwar Magajiya. Wani irin abu ne mai dogayen ƙafafu kamar raƙumi, tayoyi masu haƙora, babu fitila, babu wurin goyo, salansa a ɗage tana kallon sama. Na kwashe tarkacen ɗakin da ke jikin zaure na mayar da shi gareji. Na kwance kabireta na jiƙa a kananzir, na kankare tsatsar tanki da tsakuwa, na sa aka kawo mini fulogi da sarƙa daga Kaduna. Salansar ma na wanke ta tas tun a makon farko, na ɗaura, na manta da ita. (Ku riƙa lura da yadda nake yabon kaina, ba zai daɗe ba.) Har ga Allah na ji daɗin aikin. Akwai wata natsuwa a cikin goge ƙarfen da kowa ya fid da rai da shi.

Da na gama haɗawa, sai ya ƙi tashi. In buga kik, ya yi tari sau ɗaya kamar wanda aka shaƙe, ya yi shiru.

Wata rana na dawo daga makaranta, rana ta take tsaka, unguwa tsit, ko kaji sun shige inuwa. Ina tsugune ina duba fulogi sai na ji shi. Wani siririn nishi, mai tsawo, daga can cikin babur ɗin, yana hawa yana sauka kamar na majinyacin da ya gaji da kiran mutane. Na miƙe, ya tsaya. Na tsuguna, ya dawo.

Na ce zafi ne ke buɗa ƙarfe. Washegari na tsiyaye man tanki, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ya yi nishinsa. Na ce iska ce, na toshe taga. Ya yi. Kullum da rana tsaka, bai taɓa yi da safe ko da yamma ba. Sannan na fara ganin ɗigon jar ƙasa a daɓe, ƙarƙashin salansa, mai danshi, alhali rabonmu da ruwan sama an yi wata biyu. In share, gobe in tarar da wata. Na shafa ta a yatsa na sansana. Ban san ƙamshin ƙasar kwazazzabo ba, amma zuciyata ta ce ita ta sani.

Na daina rufe ƙofa idan ina ciki. Na daina juya wa babur ɗin baya. A aji kuwa ina nan ina koya wa yara cewa kowane sauti girgizar wani abu ce.

Hajara, matata, ta lura na rage cin tuwo. Ta ce, "Malam, na ji abin nan naka jiya. Na yi wa Inna ta makwabta zancen."

"Wa ya aike ki?"

"Ta ce kada a ɓata turare. Wai aljanun Turawa ba sa son hayaƙinsa. Shayi ake ba su da taba sigari, a ba su haƙuri da harshensu."

Na yi dariya, na yi mata lacca a kan camfi har abinci ya huce. Ranar Asabar kuwa, ranar da na gayyaci Malam Isa da Mista Okon su zo bayan la'asar su ga tashin babur, tunda hantsi na aika aka sayo taba kara ɗaya. Na ce wa Hajara ta dafa shayi, baƙo zan yi.

"Baƙon naka sukari nawa yake sha?" ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Na shiga da faranti. Rana ta take, nishi ya fara. Na ajiye kofi da biskit a gaban tayar gaba, na kunna tabar na ɗora a kan fulogin da na cire. Sannan na cire hula, na durƙusa, na buɗe baki da Turancin da ban taɓa yi wa sufetan makarantu irinsa ba. Na gai da Baturen mai babur da ranka ya daɗe irin tasu. Na gabatar da kaina da takardun shaidata. Na ce ina matuƙar takaicin abin da ya same shi, ban taɓa kayansa da mugun nufi ba, kuma idan zai yi wa Allah ya bar injin ya tashi yau kaɗai, don mutuncina, gobe zan mayar da shi inda na ɗauko. (Na tuna har na gyara wata jimla da na ga nahawunta ya karkace.)

Nishin ya tsaya cak. Sai na ji an yi gyaran murya a bayana.

Malam Isa ne da Mista Okon a bakin ƙofa, Hajara na leƙe ta kafaɗarsu. Ashe sun ga gara su zo da wuri su taya ni aiki. Ba wanda ya yi dariya, don su ma sun ji nishin. Mista Okon har ya ɗaga hannu zai yi alamar gicciye.

Muna nan tsaye cirko-cirko, ni a durƙushe, sai ga zanzaro ya fito daga bakin salansa, ya bi ta saman kawunanmu ya fita. Jim kaɗan ya dawo daga wajen rijiya da ɗan curin jar laka a baki, ya shige. Nishi ya ci gaba. Gini yake yi abinsa, bututun yana ƙara masa murya.

"Malam Kimiyya," in ji Malam Isa a hankali, "ƙara masa madara. Magini ne, ya sha aiki."

Mista Okon ya zauna a daɓe yana share hawaye. "Ticha, wallahi Turancinka ya yi kyau. Ko ni da na yafe maka."

Da waya muka zaƙulo gidan, ɗaki-ɗaki, cike da tsutsotsin da ya tara wa 'ya'yansa. Na mayar da fulogi, na zuba mai, bugu ɗaya injin ya tashi, da ƙarar da ta kori awakin unguwa. Na ci musun, amma ba wanda ya tuna da shi. Kafin Litinin labari ya riga ni makaranta, kuma har na bar ta, duk wanda ya dafa shayi a ɗakin malamai sai ya tambaye ni ko a ɗibar wa baƙona.

Abin da na koya kaɗan ne, amma na biya shi da tsada: boko ba ya korar tsoro daga zuciyar mutum. Iyakarsa ya sa tsoron ya iya Turanci.