Takardar da Ba Gaisuwa

"…lafiya lau, sai yunwa, tunda matar da Allah ya haɗa ni da ita ta manta hanyar murhu," in ji Ɗan'azumi.

"Ka ci gidanku," in ji tsohuwa Shekara, tana ɓare gyaɗa. "Mijin da bai taɓa kawo ko gishiri ba ne ke cigiyar tuwo?"

Ɗan'azumi jikanta ne, ɗan shekara goma sha biyar, yana lakwal, makarantar boko, a Damagaram, ya zo hutu Matameye. Kwana uku ke nan yana yawo da kaye, littafin rubutunsa, a hammata, fuska a murtuke, ya hana kowa sakat. Mushe, malaminsu, ne ya ce ya rubuto sakin layi guda da Faransanci a kan wani mutumin gidansu. Sau biyu yana yi ana jefo masa. In na uku ya lalace za a kore shi, kuma saurayin da aka kora daga lakwal, gardi, dogaran kumandan, ba sa daɗewa su kwashe shi aikin hanya na tilas. Shafi ɗaya tak ya rage a kayen.

"Me ka rubuta masa da har ya jefar?" ta tambaya.

"Na gaishe shi. Na tambayi iyali, da gajiya, da zafi. Kafin in zo kan maganar, takarda ta cika."

"To ai ka yi daidai! Shi ne bai da tarbiyya."

"Ya ce ba gaisuwa. Ka faɗi maganarka a layin farko, ka kawo hujja, ka rufe."

"La'ilaha! Ka faɗa wa babba magana ba sallama, sai ka ce jaki ya shigo rumbu? Rubuta: gaisuwa mai yawa, da fatan alheri…"

"Kin ji irinta! Wannan ce ta kai ni inda nake. Ke in aka bar ki, sai ki gaida kumandan tun hantsi har dokinsa ya mutu da yunwa."

"Na gaida sarakuna tun uwarka ba ta yi haƙori ba."

"Yanzu ta yi, ke kin zubar. Saki zan yi, in auro ƴar garin Kance mai haƙora."

"Wa zai ba ka? Kai da hannunka kullum tawada, ba ka san ƙotar hauya ba!"

"Don Allah, tsohuwa, ki yi shiru in yi tunani. Kaina zai fashe."

Wannan ce ta ƙure ta. A cikin gidanta, a kan tabarmarta, a ce ta yi shiru? Ta ture ƙwaryar gyaɗa gefe.

"Kai malalaci ne, Ɗan'azumi! Rana na dukan ƙafarka kana sharar barci. An aike ka rijiya ka dawo da rabin tulu. Ranar kasuwa na bar maka tsaron gyaɗata, akuyar Manu maƙwabcinmu ta cinye rabi kana kallon sama baki buɗe. Mai irin wannan hali, ko gaban alƙali aka je, malalaci ne!"

Ɗan'azumi ya zaro ido. "Tsaya! Maimaita!"

"Zagin ne ya yi maka daɗi?"

"Abin da mushe ke nema ke nan! Kin faɗi magana, kin kawo shaidu, kin ɗaure bakinta. Kuma ko sannu ba ki ce mini ba."

"Ai zagi ne, wa ke gaisuwa a zagi?"

"To haka Faransawa suke rubutu."

"Ashe mutanen nan kullum cikin faɗa suke, shi ya sa ba sa ƙiba."

Ya buɗe shafin ƙarshe. Shekara ta dubi shafi ɗayan nan da ya rage masa. Ta tuna yadda ubansa Isufu ya dawo daga aikin hanya da tarin da har yau bai sake shi ba, tsoro ya kama ta sosai. Ta kwance bakin zane ta miƙa masa dakuwa biyu.

"Ci, ka rubuta. Amma kar ka sa sunanka a wurin malalacin, mushe zai yarda."

"Sunanki zan sa."

Ta fashe da dariya har da hawaye. "Sa, mijin banza. In dai zai hana su ɗauke mini kai, rubuta cewa ni ce ma na cinye gyaɗar, ba akuya ba."