Yaƙin Lambatun Bayan Kamfani

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta. Wannan tarihin Baban Larai ne, sadauki ɗan sadauki, ɗan mai gadin ƙofar masaƙa, jikan wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a Kaduna da tabarma ɗaya da buta, Sarkin Yaƙin injin saƙa na layi na huɗu, gwarzon da ya shekara ashirin da biyu yana haɗiyar ƙurar auduga bai taɓa makara ba, uban 'ya'yana, Allah Ya ƙara masa lafiya.

Asalin fitinar, lambatun bayan gidanmu ne ya toshe ana tsakiyar damina, ruwa yana shigo mini har gindin buhun masarata. Aka kai kuka wurin Malam Bawa, mai unguwar Tudun Zare, ya ce ai lambatun na Unguwar Jiniya ne. Alhaji Ɗanlami na Unguwar Jiniya ya ce sam, na Tudun Zare ne tun fil'azal. Takardar wutarmu ta ce Jiniya, katin zaɓenmu ya ce Tudun Zare, masu Keke kuwa Bayan Kamfani suke ce wa wurin.

Sai jarumi ya miƙe ya buɗe taskar tarihi. Ya ce a da iyaka ba ta da ruɗani: duk gidan da kukan jiniyar masaƙa yake kaiwa, na Unguwar Jiniya ne, inda kukan ya mutu nan Tudun Zare ta fara. To masaƙar ta shekara ashirin a rufe, jiniyar ma tuni 'yan gwangwan sun ɗora ta a sikeli.

Wannan bai karya zuciyar basarake ba. Ranar Asabar ya ɗaura sulkensa, wato tsohuwar rigar aiki mai ruwan bula da maɓallinta ya daina haɗuwa a kan tumbi, ya tsayar da masu unguwa biyu a bakin lambatu su zama shaidu, ya yi tattaki zuwa ƙofar masaƙa, ya hau kan duro, ya ce, "Yau ni ne jiniya!" Ya kurma wani ihu da ya watsa awaki, ya sa mai shayi zubar da madara yana salati.

Malam Bawa ya rantse ya ji raɗau, saboda haka lambatu na Jiniya ne. Alhaji Ɗanlami ya ce ko ƙuda bai ji ba. "Kai da inji ya cinye maka kunne tun muna samari!" in ji Malam Bawa. Aka aika a sake. Sau biyar gwarzo yana kai hari.

Ni dai na ga hadari ya haɗo daga gabas. Na kira maƙwabciyata Maman Dije, muka ɗauki shebur da guntun rodi, muka yi bisimilla. Abin da ya tokare lambatun wani tsohon allon ƙarfe ne. Da muka ciro shi, Alhaji Ɗanlami ya sa tabarau ya karanta: "Barka da zuwa Unguwar..." Sauran tsatsa ta cinye.

Ruwa ya sauko, ya bi hanyarsa, masarata ta tsira, alhamdulillahi. Mayaƙi ya dawo sharkaf, ba murya, yana tambaya da hannu wa ya ci yaƙi. Na dafa masa citta da zuma. Allon kuwa yana kan akurkin kajina, kuma ba ya yoyo.