Yadda Ake Ɗaure Aiki Goma a Turke Guda

Kai mai zane da ordinatar, wato kwamfuta, bi matakan nan, za ka gama aikin mako kafin shayi ya tafasa. Alkasum mai buga kati a bakin kasuwar Dole ya gwada, Damagaram kaf ta shaida.

1. Kafa turke
Kada ka wahala kana liƙa hoto a kowane aiki. Ajiye hoto guda, ka ɗaure masa kati da kalanda da bandarol, ƙyallen sanarwar nan da ake ratayawa. Ka canja na turken, duk su canja da kansu. Mai hankali ba ya haƙa rijiya goma don tulu ɗaya.

2. Raɗa masa suna mai sauƙi
Alkasum ya sa wa nasa "hoto". Hoton wa? Oho. Kuma kada ka damu da duba wane aiki ke rataye da wane, kanka ai ba rariya ba ne.

3. Karɓi aikin surukai
Mala Yunusa, mahaifin Safiya wadda Alkasum ke nema da aure, zai dawo daga Makka. Ƴaƴansa na son bandarol ta tarba, faɗin ƙofar gida. Alkasum ya ce shi zai yi. Ya sa hoton Mala da farar hula a turke, ya miƙe ƙafa.

4. Kada ka kori kowa
Sai ga Suma'ila, dillalin dabbobi daga Mirriya, da hoton wani ƙosasshen rago, yana son talla. "Ɗan'uwa, a ga ƙahon sosai fa." Alkasum ya ajiye shi da suna "hoto". Ordinatar ta tambaya ko a maye gurbin na da. In ta tambaye ka, ce mata e. Inji ce, me ta sani?

5. Buga, ban da dubawa
Kuran, wato wutar lantarki, na iya ɗaukewa. Buga, naɗe, miƙa wa yara su rataya.

Ranar tarba Alkasum ya iso cikin sabuwar shadda, ya tarar unguwa ta yi cincirindo. Sama an rubuta BARKA DA DAWOWA ALHAJI. Ƙasa rago na kallon jama'a cikin natsuwa. Safiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

6. Durƙusa
Mala ya daɗe yana kallo, carbi a hannu.

"Alkasum, wannan ni ne?"

"Baba, wallahi ordinatar ce..."

"To, madalla. Tunda shi kuka yi wa barka da dawowa, ai ba za a yi walima babu shi ba. Je ka zo mana da shi. In ya shigo gidan nan, kai ma ka shigo."

Nan take Alkasum ya faɗa motar Mirriya, yana addu'ar kada ragon ya riga ya samu mai saye, don tallar da ya yi masa ta yi kyau ƙwarai.

Gargaɗi: babu ruwana da rago, ko suruki, ko auren da aka ɗage. Ni turke na ce ka kafa. Abin da ka ɗaure a jikinsa kuwa, kai da shi.